Daidoyar Indiya da Wankan Gwaggo

Daga Allah muke, gare Shi kuma za a mayar da mu, har da wadda ta yi shekara da shekaru tana shirya wasu don wannan tafiya.

Gwaggo, yayar babanmu, ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu da ke unguwar Zogbeli a Tamale. Kafin a ce kwabo gida ya cika da mata. Mai kokon bakin hanya ta bar tukunya a kan wuta ta shigo tana tafa hannu, tana cewa da Hausar zango wadda ba ta raba mace da namiji, "Kai, Gwaggo ya tafi? Mutumin kirki paa!" Wata da na san sarai takan sake hanya in ta hango Gwaggo tafe, ita ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Ban ce kukan ƙarya ne ba. Tsoron mutum da son sa sukan zauna a ciki ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka zauna. Kowa ta raɓe a jikin bango, ana ta matsatsi, gwiwa na gugar gwiwa, an bar tsakar gida fayau. Babu komai a wurin sai fasassun tukwane da Gwaggo ta shuka daidoyarta a ciki. In iska ta kaɗo ƙamshin, sai ka ga mata suna jan mayafi kan hanci, suna salati ƙasa-ƙasa.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Dagombawa da muke kira Mma, ita ta faɗi abin da kowa ke haɗiyewa. Ta ce, "To, wa za shi wanke Gwaggo?"

Har mai kukan nan ta yi shiru.

Gwaggo ita ce mai wankan gawar mata a zangonmu. Daga Zogbeli har ƙauyukan Kanvili da Gurugu, in mace ta rasu ita ake aikawa a kira. Ba ta da magajiya. Ina so in ajiye abin da na sani game da ita tun kafin matsorata su gama ba da labarinta yadda suka ga dama.

Daidoyar nan ba irin tamu ce ta miya ba. Ɗan Gwaggo guda ɗaya tilo ya shiga soja lokacin yaƙin Bama. Daga barikin Tamale aka kwashe su a mota zuwa kudu, daga can sai jirgin ruwa, bai kuma dawo ba. Bayan an gama yaƙi wani abokinsa mutumin Salaga ya yi sallama a ƙofar gida, ya durƙusa, ya miƙa wa Gwaggo wani ɗan ƙullin tsumma. Ya ce a ƙasar Indiya zazzaɓi ya taɓa kwantar da su, wani tsohon kuku ya riƙa dafa musu wani ganye suna sha har suka miƙe. Ɗanta ya sansana ya ce ai wannan ƙanen daidoyar innarsa ne, ya tsinci irin ya ƙulle ya ce zai kawo mata. Gwaggo ba ta tambayi yadda ya mutu ba, ba ta tambayi inda aka binne shi ba.

"Wa ya wanke shi?" in ji ta.

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Inna, daji ne. Ruwan sama kawai."

Ta karɓi ƙullin ta shige ɗaki. Ban ga hawayenta ba, ko ranar, ko bayanta.

Kowa ya san yadda ruwa yake a Tamale da rani, tulu guda sai an yi tafiya an yi layi. Gwaggo ta mayar da gindin shukar nan wurin alwalarta, duk ɗigon da ya sauka daga fuskarta da gwiwar hannunta a tukunyar yake sauka. Da haka ta rayu. Ganyenta ƙanana ne, karan yana da gashi-gashi da ɗan duhu kamar an shafa masa shuni. In ka murza a yatsa sai ƙamshin kanumfari ya tashi, da ɗan yajin masoro a bayansa. In ka tauna, harshe ya yi nauyi kamar ba naka ba.

"Akwai mai a cikinta," Gwaggo takan ce. "Ido ba ya gani, hanci ne ke gani. Ita da kanumfari uwarsu ɗaya."

Saboda man nan take da dokoki. Ba a tsinka sai raɓa ta bushe, kuma kafin rana ta yi zafi ta shanye shi. Fure in ya fito sai ta tsinke kansa da farce, wai shuka in ta fara tunanin 'ya'ya ta daina kula da ganye. Babbar doka kuwa murfi. In ta shiga gida ta tarar an ɗora ganyen a tukunya buɗe, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Kin ba iska magani, ke kin sha ruwan banza." Mai zazzaɓi ta dafa masa da citta. Mai tari da mura ta sa zuma, ta lulluɓe shi da bargo ya yi sirace har ya jiƙe sharkaf. Mai ciwon haƙori ya tauna ya danna a wurin. Takan matse ruwan ganyen a kan makero, takan jefa reshe a garwashi don korar sauro. Mai ƙaramin ciki kuwa ko ta yi rantsuwa ba za ta ba ta ba. Kuma ba ta cika baki a kan abin da ya fi ƙarfinta. Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, duk wanda aka kawo mata wuya a sandare sai ta ce, "Wannan ba na ganye ba ne, ku ɗauke shi yanzu ku kai asibitin Turawa." Waɗanda ba su dawo da ƙafarsu ba ita ta wanke matan cikinsu, lokacin da 'yan uwansu na jini ke tsayawa a bakin zaure.

Sun taɓa yin faɗa da babanmu a kan shukar. Baba falken goro ne, mai yawan zama da malamai, ya ji a bakin tsofaffin soja cewa mutanen Indiya suna gina mata wuri a tsakar gida suna rusuna mata. Ya shigo a fusace ya ce ba za a ajiye masa gunki a gida ba, a tuge. Gwaggo tana zaune tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ƙanena, su sun yi mata sujada, ni kuwa dafa ta nake yi in tace. Tsakanina da su wa ya fi raina ta?"

Baba ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Sai ta ajiye rariya ta dube shi. "Abin da ɗana ya aiko mini ke nan. Ka tuge da hannunka, ina kallo."

Baba ya gyara hularsa ya fita, har watan azumi ya kama ba su gaisa sosai ba. Amma bai taɓa ko ganye ɗaya ba.

Ba malamai ne suka ɓata wa daidoyar suna ba, kafur ne. A al'ada ruwan ƙarshe na wankan gawa da kafur ake yi, sai ya zama bayan yaƙi ko a kantin Kwarori ba ka samu. Gwaggo ta tambayi liman, ya ce duk abu mai tsarki mai ƙamshi ya wadatar. Ta fara jiƙa ganyenta a ruwa tana yin ruwan ƙarshe da shi, ga shi yana korar ƙuda a ranakun bazara. Tun daga nan duk gidan da aka yi rashi, ƙamshin kanumfari ke fara fitowa ta ƙofar ɗaki kafin gawa ta fito. Mutane kuwa hanci suke bi. Ganyen da jiya ya saukar musu da zazzaɓi, yau ya zama ƙamshin lahira. In Gwaggo ta nufi gida da reshe a hannu don ta duba mara lafiya, sai a ce ta zo auna shi. Waɗanda suka warke ba a lissafa su, waɗanda suka mutu kowa ya haddace.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ni ma har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Wata rana da tsakar rana na raka ta gidan wani mahauci, ta kai wa uwarsa maganin tari. Matarsa na tsakar gida tana daka, mace ce ƙaƙƙarfa, tana jefa taɓarya sama tana tafi tana cafewa. Gwaggo ta tsaya cak. Ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "'Yar nan, kitson nan ya tsufa. Ki kwance shi yau."

Matar ta yi dariya ta ce to. Kafin la'asar ta faɗi a gindin turmin nan. Da aka kira Gwaggo ta tarar da gashin a kwance, an taje, kamar yadda mai wanki ke so ta same shi.

Na tambaye ta a hanya yadda aka yi ta sani. Ta ce, "Ban san komai ba, Uwata. Kitso ne ya tsufa." Uwata take kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba ta iya faɗa. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Bayan wannan har mijina ya kafa doka kada ganyen nan ya ƙetare masa zaure. Ba a daɗe ba tari ya kama shi, irin mai hana magana. Gwaggo ta aiko da kwano a rufe ta ce ruwan citta ne da lemun tsami. Cittar ta yi yawa har tana sa hawaye, ba ka jin ƙamshin komai a ƙarƙashinta. Ya sha ya warke, har gobe yana yi wa abokansa wa'azi a kan amfanin citta. Na bar shi, don gyara irin wannan ba riba.

Abu ɗaya ne na san yana cin Gwaggo. Ba mutuwa take tsoro ba, sun saba. Wanda zai wanke ta ne. Akwai wata mai wanki a unguwar bayan kasuwa, amma bakinta ba ya rufuwa. A wurinta ake jin wadda gawarta ta yi nauyi, da wadda fuskarta ta yi baƙi, da wadda aka ga tabo a inda bai kamata ba. Gwaggo takan ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne. To wadda ta gani ita ce za ta ɓoye. In ba za ta iya ba, gara ruwan sama." Ta bi matan zango ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda za ta koya. Wannan ta ce mijinta bai yarda ba, waccan ta ce tana goyo. Mma maƙwabciya ita ke zuba mata ruwa tun da daɗewa, amma hannunta rawa yake yi, kuma ba ta taɓa taɓa gawa ba. Da ta zo kaina na ce, "Gwaggo, ni da ko kaza ake yankawa sai na kau da kai?" Ta yi murmushi ta ce, "To, Uwata." Ba ta sake tayar mini da maganar ba.

Da daminar bara ta ce kafaɗunta sun riƙe, ba ta iya ɗaga hannu ta cuɗa jikinta. Na ce ga daidoya, a dafa a gasa mata. Ta ce wannan ma ba na ganye ba ne, tsufa ne. Ta roƙe ni in riƙa zuwa ranar Juma'a da hantsi ina yi mata wanka. Wa zai ƙi?

Wankan Gwaggo kuwa sai an yi haƙuri. Ba ta zama a kujera, wai jiri take ji, sai ta kwanta a tsohuwar tabarma a cikin ɗaki. In lulluɓe ta da zane daga ƙirji har gwiwa, in naɗe hannuna da tsumma, in wanke ta ta ƙarƙashin zanen ba tare da na ɗaga ba. "Tsoho ba ya son a gan shi," in ji ta. In yi mata alwala da kaina, amma kada in zuba ruwa a baki ko hanci, tana ƙwarewa, in jiƙa tsumma in goge. In fara da gefen dama, in juya ta a hankali, in koma hagu. Ruwan farko da garin magarya. In kwance gashi in wanke in kama shi gida uku in sa a baya, wai kitson tsofaffi ke nan. Ruwan ƙarshe na daidoya, wanda ita ta jiƙa ta rufe tun da safe. In na yi kuskure sai ta ce, "Sake." In na yi gaggawa ta ce, "Ina za ki? Ni dai ba inda za ni."

Sannu a hankali ta daina gyara mini. Sai ta rufe ido ta saki jiki, ko juyawa ba ta taya ni, ta yi nauyi kamar buhun gero. Wata Juma'a na kira ta ba ta amsa ba. Ɗakin shiru, sai ƙarar ruwa da ke bin rariya. Na sake kira. Wani ƙuda ya sauka a goshinta ya yi ta yawo, ko motsi ba ta yi ba. Na girgiza ta da ƙarfi. Ta buɗe ido ɗaya.

"Ci gaba," ta ce. "Ba kullum za a amsa miki ba."

Na yi mata faɗa na ce ta daina irin wannan wasa. Za a ce yaya mace da girmanta ba ta gane ba. Ban taɓa ko leƙa ɗakin da ake wankan gawa ba, kuma mutum ba ya ganin abin da ba ya son gani.

To, ranar Talatar nan, da tambayar Mma ta rasa mai amsawa, sai aka ji muryar Baba daga zaure yana cewa rana na yi, a aika bayan kasuwa a kira waccan mai surutun. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, a dakata. Na yi mata da ranta, zan yi mata yanzu. Mma za ta gaya mini yadda ake yi."

Muka shiga mu biyu muka saki labule. Gwaggo na kwance a gefen dama, gashinta a kwance, ta taje shi da kanta. Likkafani a ninke a kan akwati, garin magarya a ƙoƙo. A bakin ƙofa ga tukunyar daidoya a rufe. Na ɗaga murfin, ganyen ɗanye shar, na safiyar nan ne.

Mma ta ɗauki buta ta ce, "Da farko za ka rufe shi da..." Sai ta yi shiru, don na riga na rufe. Na naɗe tsumma a hannu. Ina jira ta faɗi na gaba, amma hannuna bai jira ba. Ya goge haƙora da hanci, ya bi gefen dama, ya san inda zai tallafa a juya ta, ya san nauyin. Ina kallonsa kamar hannun wata. Abin da ya taɓa a ƙarƙashin zane kuwa, tun tana da rai da kuma ranar, tsakanina da ita ne, ba za a ji shi a nan ba.

Da na kama gashin gida uku na mayar baya, na ji ruwa ya daina zuba. Mma na tsaye da buta a hannu, tana kallona.

"Wa ya koya maka?"

Na ce ba kowa, haka nake yi mata wanka duk Juma'a tun da kafaɗunta suka riƙe.

"Kafaɗa?" in ji Mma. "Wane kafaɗa? Gwaggo da jiya ma shi ya sauke mini tulu daga kai? Har daka koraa yana yi in ka tafi gida."

Na zauna daɓas a cikin ruwan nan. Haushi ne ya fara zuwa, ba kuka ba. Tsohuwar nan ta kwanta a gabana damina da rani tana mutuwa duk Juma'a, ta bar ƙuda ya yi yawo a goshinta, don kawai kada a bar ta kamar yadda aka bar ɗanta. Ta yaudare ni, kuma ban san yadda ake fushi da wadda ke kwance tana jiran ruwan ƙarshe ba. Na tashi na ɗauko tukunyar na zuba mata a hankali, daga kai har ƙafa, ban yi gaggawa ba. A nan kukan ya zo. Kafin azahar maza suka ɗauke ta, fuskarta fes, babu kuma wanda zai ji wani labari a kanta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo. Yadda ta suturta matan zangon nan, Allah Ya suturta ta. Ya sanyaya makwancinta, Ya haɗa ta da ɗanta, Ya karɓi ruwan saman nan a matsayin wankansa.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai da wani mutum ya yi sallama daga Gurugu, uwarsa ta cika. Bai tambayi Gwaggo ba, ni ya tambaya. Na tafi. Da na dawo na tarar 'yata ta fari ta zo daga gidan mijinta yi mini gaisuwa, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Muna hira, sai na kama kaina ina kallon hannuwanta. Dogayen yatsu ne, masu natsuwa, ba sa rawa. Ta ɗago ta dube ni, ta ajiye gyaɗar, ta ja hannuwan a hankali ta shigar da su cikin mayafi.